Ɗan Abin da Ke Kunnen Inna

Wani ɗan sauti ne ya fara komai, tsi-tsi-tsi, siriri kamar kukan gyare da ya maƙale a bayan randa. Ina zaune a tsakar gida da hantsi ina tankaɗen garin hatsi sai na ji shi. Na dakata da rariya a hannu, shi bai dakata ba. Na ɗaga ƙwaryar da ke kusa da ni, na leƙa gindin turmi, na kaɗa tabarma, ban ga komai ba. Na yi ta binsa da kunne har ya kai ni ƙofar ɗakin Inna. Ga ta zaune ta miƙe ƙafafu, wasu fararen igiyoyi biyu sun fito daga kunnuwanta sun haɗu a ƙirjinta, tana murmushi ita kaɗai. Na yi sallama sau biyu ba ta amsa ba. Wannan kuwa ita ce matar da tun da idanunta suka rufe ta san takun kowa a gidan, ba na kaiwa bakin ƙofa take cewa, "Ke ce?" Ran nan na tsaya a kanta da gari a hannuwana har gwiwar hannu, ba ta san na zo ba.

Auta ce ta kawo abin. Ƙanwata ke nan, ƙaramarmu, wadda take aikin ungozoma a likita, wato asibiti, a Yamai. Ta kwana biyu tare da mu, da safen ranar ta hau mota ta koma. Abin bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ruwan toka, da ɗan gilashi mai haske shuɗi da maɓallai huɗu, ana sa masa pil, wato batir, guda ɗaya ƙarami ta baya. Ƴan lekol, wato makarantar boko, suna ce masa em-pe-turwa. Inna ba ta taɓa iya faɗin wannan suna ba, ita dai "abina" take cewa. Ni kuwa a zuciyata gyare nake kiransa tun daga ranar, kuma ban taɓa kiransa da alheri ba.

Sai na faɗi matsayina a gidan kafin a gane abin da ya ci ni. Ni ce ƴar fari. A Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa a wancan lokaci, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zaunar da shi a cinya in da idon wani. Na girma ban taɓa jin sunana daga bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". Baba ma haka, in yana nemana sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ina yarinyar nan?" Na san kunya ce, ba ƙi ba. An gaya mini tun ina ƙarama, ni ma kuma haka na yi wa nawa ɗan farin. Amma sanin abu da kai bai hana zuciya ƙishirwa. Ina kallo Inna za ta jawo Auta ta kwantar da kanta a cinya tana tsefe mata gashi, tana kiran sunanta tana ja kamar waƙa, ni ina bakin murhu hayaƙi yana shiga idona, in ce hayaƙin ne ya sa nake hawaye.

Ina ajin ƙarshe na kolej a Filinge, ina zaune wurin wata goggonmu, Baba ya tafi neman kuɗi Abijan bayan an gama girbi, kamar yadda mazan ƙauyenmu suke yi. A lokacin wanda bai iya rubutu ba kaset yake cikawa da magana, ya ba mai dawowa gida ya kawo, a ari rediyon maƙwabta a taru a saurara. Na ji an ce kaset ɗin Baba ya zo ƙauye. Kafin in samu hutu in je, saƙon rasuwarsa ya biyo baya, daga nan ba wanda ya ƙara maganar kaset. Ga gona, ga ƙanne huɗu, ga Inna ita kaɗai. Ba wanda ya ce mini in bar lekol, ba kuma wanda ya ce in koma. Na ninke littattafaina na sa a kwando, na ɗauki guga. Auta ce ta yi karatun har ƙarshe, da hatsin da na sussuka da hannuna. Ban taɓa yi mata gori ba, Allah shaida ne. Amma duk ranar da ta sauko daga motar Yamai da jakarta a kafaɗa da ƙamshin sabulun likita a jikinta, nakan nemi abin yi a bakin murhu don kada in dube ta.

Da idanun Inna suka mutu, maigidana ya ce a ɗauko ta ta zauna da mu a gari. A nan na samu abin da ban samu ba ina yarinya. Kullum bayan la'asar, in na ɗora tukunya, sai in shiga ɗakinta in zauna a bakin tabarma in karanta mata abin da ya sauwaƙa daga Alƙur'ani. In na rufe sai in ba ta labarin gari: wadda ta haihu, wanda ya dawo daga tafiya, yadda ruwa ya yi a Bankuku ya tsallake mu. Ina yanke mata farce, ina shafa mata man shanu a kaushin ƙafa. Ba ta taɓa cewa ta ji daɗi ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "To, ya isa, tahi ki duba tukunyarki." Amma in na makara da ɗan lokaci sai in ji tana tambayar yara, "Waccan ba ta gama ba?" Wannan tambaya ita ce rabona a duniya, kuma ta ishe ni. Shekara huɗu muna haka, sannan gyare ya shigo.

Abin haushin, ni ce baiwarsa. Inna ba ta gani, don haka ni ke canza masa pil in ya mutu, kuma yana cin pil kamar akuya a rumbu. Ni ke warware igiyoyin in sun cukurkuɗe, kullum kuwa sai sun cukurkuɗe, ko da an ajiye su a miƙe. Ni ke goge dattin kunne daga ƴan kawunan igiyoyin da tsinke. Na ɗinka masa ƴar jaka da ragowar atamfa don ta riƙa rataya shi a wuya, saboda ranar da ya faɗa cikin zanenta ta rasa shi sai da ta tayar da gidan gaba ɗaya. In yana kunnenta ba ta san ƙarfin muryarta ba, sai ka ji ta daga zaure tana amsa wa mai wa'azi, "Gaskiya ne, Malam! Gaya masu!" Maigida yakan yi dariya ya ce Inna ta buɗe makaranta. Wata rana aka kira azahar ba ta ji ba, sai da na taɓa kafaɗarta, ta zabura tana salati. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, ta ba wannan ta ji, ta ba waccan, tana cewa, "Auta ce ta kawo mini. Yarinyar nan ta san zuciyata." A gabana take faɗa, ina durƙushe ina dama mata fura.

Na ci gaba da shiga bayan la'asar da Alƙur'anina. Takan cire igiya ɗaya ta bar ɗaya. Ina karatu ina jin tsi-tsi-tsi daga ɗaya kunnen. Ban kai rabin abin da na saba ba take cewa, "To, ya isa." Ranar da na makara da gangan na tsaya a bayan ƙofa ina jira, ba ta tambayi kowa ko waccan ta gama ba.

Sannan ya ɗauke mini ɗiya. Ƙaramar ɗiyata tana da shekara shida a lokacin. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ni ba na iya faɗinsa, kowa Takwara yake ce mata. Da, tana dawowa daga lekol wurina take zuwa, ta rataye a bayana ina daka tana ba ni labarin wanda aka buga da wanda ya yi kuka. Yanzu sai ta jefar da allonta a tsakar gida ta wuce ɗakin kakarta. Su zauna kai da kai, igiya ɗaya a kunnen tsohuwa, ɗaya a kunnen yarinya, ba mai iya matsawa sai ɗayar ta biyo ta. Cikin kwana uku Takwara ta gane maɓallan da ni ban damu in koya ba. Har wata alama suke da ita a tsakaninsu. Na sha gani daga bakin ƙofa: Inna za ta matsa gwiwar yarinyar da yatsu biyu, ita kuma ta danna wani wuri, su yi shiru, jim kaɗan Inna ta sake matsa gwiwar. Fuskar Inna a wannan lokaci takan yi wani laushi da ban san ta da shi ba.

Na tambaya sau ɗaya. "Inna, mi ke cikin abin nan haka?"

"Abubuwa ne," ta ce, ta juya kai.

Na tambayi Takwara ina yi mata wanka. Ta ce, "Kaka ta ce ba a faɗi." Na cuɗa mata baya da ƙarfin da ya fi na kullum, har ta ce, "Mama, da zafi."

Da na so, da na sa shi a kunnena na ji. Kullum yana hannuna in zan canza pil. Amma na rantse a raina ba zan roƙi abin Auta ya gaya mini sirrin uwata ba. Na riga na yanke wa kaina abin da ke ciki: muryar Auta ce da ta ƴaƴanta, suna gaishe ta da Hausarsu ta Yamai mai gauraye da Zabarmanci, suna kiranta da sunaye masu daɗi. Wato ko tana nesa ita ce a kunnen Inna, ni da ke wanke mata zane ina bakin ƙofa.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya sa wannan ya yi mini ciwo ba. Jikokina kowa da salularsa, wayar hannu ke nan, da wasu ƴan abubuwa kamar ƙwayar wake a kunne, ko igiya babu. Ana zaune gida ɗaya, kowa yana wata ƙasa. Mu da muka tashi, sauti na kowa ne. In an fara luguden daka a gidan maƙwabta ka san su wa ke turmin daga yadda taɓarya ke faɗuwa. Kukan guga a bakin rijiya, kiran mai nono, jakin da ke kuka a lokaci ɗaya kullum kamar an ba shi agogo, rediyo guda a gindin gawo maza sun kewaye shi mata suna ji daga bayan darni. In abin dariya ne kowa ya yi, in na kuka ne kowa ya ji. Inna da kanta takan ce mana muna yara, duk maganar da ba za a iya yi a tsakar gida ba a bar ta. Ban taɓa ganin abin da ke magana da mutum ɗaya ya bar na kusa da shi ba sai wannan gyaren. Kuma a kunnen wadda ta koya mini wancan na gan shi.

Wata rana ina share ɗakinta na jiyo kiɗa yana tsiyayowa daga igiyar, kiɗan goge irin na da, wanda ake yi a ƙauye kafin malamai su yi ta magana a kansa. Kan Inna yana ɗan rausaya. Wallahi daɗi na ji, irin daɗin wanda ya daɗe yana neman hujja ya samu. Na ce wa kaina: dubi abin da Auta ta zuba wa tsohuwa mai jiran kiran Ubangiji. Na ce wa kaina hakkina ne in gyara. Har na yi wa maigida maganar, ya dube ni ya ce, "Ki bar tsohuwa da abinta." Na ce to. Ban bari ba.

Dama ta zo da kanta. Igiya ɗaya ta daina magana, sai an murɗa gindinta an riƙe. Ranar kasuwa na ce wa Inna ta ba ni in kai a samo sabuwa. Ta daɗe tana shafa jakar kafin ta cire ta daga wuya.

"Igiyar kaɗai za a canza?"

"Ita kaɗai, Inna."

"To. Ki maido mini shi yadda yake."

Akwai wani mutum a lokacin kusa da tasha, yana da rumfa da ordinatar, wato kwamfuta, da ɗan inji mai ba da wuta, aikinsa ɗura wa mutane waƙoƙi da wa'azi. Na sayi igiyar a wurinsa, sannan na miƙa masa abin na ce ya zuba mini karatun Alƙur'ani, daga farko har inda ya tsaya. Ya soka shi a jikin ordinatar ya duba.

"Hajiya, wanga abu cike yake. In zan zuba, sai na rage."

"Share."

"Wanne da wanne?"

"Duka."

Ya ɗago ya dube ni. "Duka? Akwai wa'azi nan, akwai waƙoƙin tsofaffi. Ga kuma wani dogo da ba a sa wa suna ba, wanga ba irin namu na kasuwa ba ne, wani ya ɗauko shi. In kunna maki ki ji tukuna?"

Na ce a raina, ga ta nan, muryar Auta. Na ce masa, "Na bar tukunya a wuta. Share ka zuba karatu."

"To, ke kinka ce." Ya danna. Ban ji ƙarar komai ba. Na zaci abu in zai ɓace zai yi wani motsi, amma ko ƙiftawa gilashin bai yi ba. Ya cika shi da karatu mai kyau, na wani mai murya kamar ruwan sanyi, ya ce Allah ya ba da lada. Na amsa da amin, na dawo gida ina jin kaina sakayau.

Na rataya wa Inna a wuya, na sa mata sabbin igiyoyin da hannuna. Takwara ta zo da gudu ta karɓi tata. Na koma bakin ƙofa na tsaya. Inna ta saurara kaɗan, ta ce, "Wuce." Yarinyar ta danna. "Wuce." Ta danna. Sun yi haka ya fi sau ashirin, muryar Inna tana ƙara yin ƙasa, har Takwara ta ce, "Kaka, mun zagayo. Duk karatu ne."

Inna ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ko da yake ban yi motsi ba. "Ke ce nan?"

"Ni ce, Inna. Na sa an gyara maki. An cire tarkacen an zuba Alƙur'ani."

Na ga leɓenta yana motsi. Mace irin Inna, da ta yi shekara sittin tana tsoron Allah, da wane baki za ta ce ba ta son Alƙur'ani a madadin abin da ke nan da? Na san haka tun ina rumfar mutumin, shi ya sa ma na zaɓi karatu. Na ɗaure mata baki da abin da ba za ta iya ƙi ba.

"Allah shi biya ki," ta ce. Ta zare igiyar daga kunnenta a hankali, ta naɗe ta a yatsa kamar yadda take naɗe zare, ta sa a jaka, ta tura ƙarƙashin matashi.

Bayan la'asar na shiga da Alƙur'anina. Kunnuwanta biyu a buɗe, kamar da. Na karanta har na wuce inda na saba, ina jira ta ce ya isa, ba ta ce ba. Na ba ta labarin kasuwa, ta ce "uhm". Na samu abin da nake so, sai na tarar ba kowa a cikinsa. Kwana uku furar da nake dama mata tana dawowa da fiye da rabi. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta canza mini fuska ba. Takwara ma ta daina shiga ɗakin, ta daina kuma rataya a bayana, sai ta zauna a gindin darbejiya tana zane a ƙasa.

A rana ta huɗu na karɓi salular maigida na kira Auta. Na fara da ƙarfina, don in riga ta.

"Wane irin kiɗa kinka zuba wa Inna? Na sa an share, an sa mata karatu."

"An share mi, Yaya?"

"Abin da ke ciki."

"Duka?" Na ji hayaniyar likita a bayanta ta yi nisa, kamar ta fita waje. "Yaya, don Allah ce mini ba duka ba."

"Gaisuwarku ce, sai ki sake ɗauko wata in kin taho."

"Wace gaisuwa? Ni ban sa muryata ciki ba. Baba ne, Yaya! Kaset ɗin Baba ne, na Abijan!"

Na zauna a kan turmi. Ta ci gaba tana kuka tana magana. Ashe Inna ta ɓoye kaset ɗin duk shekarun nan a ƙasan kwallarta, naɗe a tsumma. Zuwan Auta na bara ta ba ta a ɓoye, ta ce ta ji an ce a Yamai ana iya fito da magana daga tsohon kaset. Auta ta yi ta yawo har ta samu mai yi. Zaren kaset ɗin ya riga ya bushe, ana juyawa yana tsinkewa, mutumin yana liƙawa, da ƙyar ya ceto abin da ya ceto, kaset ɗin kuma bai ƙara moruwa ba. Na ce a koma wurinsa mana. Ta ce ya daɗe da tashi daga wurin, kuma ai ba ya ajiye na mutane. Don wannan maganar kaɗai ta sayi abin, wa'azin da waƙoƙin cika wuri ne.

"Mi ya sa ba wanda ya gaya mini?" na ce.

"Inna ta hana. Ta ce ke dai kada ki ji."

"Don mi?"

"Ke ma kin san Inna da kunyarki. Kuma akwai abin da ya ce a kanki wanda ba a yi ba. Yaya, ni sau ɗaya na saurara, ban iya ƙarawa ba." Sai kuɗin salular ya ƙare.

Ban jira ranar kasuwa ba, na saka hijabi na tafi tasha. Mutumin ya gane ni. Ya karɓi abin ya duba, ya girgiza kai. Ya ce da ban sa an zuba wani abu a kai ba, da wataƙila a Yamai a samu mai dabara, amma karatun ya hau wurin ya zauna. "Hajiya, sai da na ce in kunna maki." Na ce haka ne. Na dawo ta bayan gari don kada in haɗu da wanda na sani.

Na durƙusa a gaban Inna na ce ta yafe mini. Ta lalubo kaina ta dafa, abin da ba ta taɓa yi ba da girmana, ta ce, "Ba ki sani ba. Tashi." Na so in karɓi wannan in huta, amma ba gaskiya ba ce duka. Ban san Baba ne ba, amma na san abin da take so ne, kuma don tana son sa na share shi. Wannan ban iya gaya mata ba har ta koma ga Allah bayan damina biyu. Na gaya wa Ubangijina, ina kuma gaya masa har yau. Tambayar abin da Baba ya ce a kaina kuwa, ban ga fuskar da zan yi mata ita ba.

Abin yana nan a kwallata, a cikin jakarsa ta atamfa. Pil ya yi tsatsa a ciki, ba ya kamawa. Mutum zai zaci tsufa ya wanke mini kishi, amma bai wanke ba, wuri kawai ya canza. Ina kishin Auta da ta ji sau ɗaya. Ina kishin mai rumfar nan da yatsansa ya tsaya a kan maganar ubana. Na fi kishin Takwara, wadda yau take da nata ƴaƴan, domin ita da ba ta taɓa ganinsa ba tana da muryarsa a kanta, ta san inda yake tari da inda yake dariya. Ni da na yi shekara goma sha shida da shi ina kai masa ruwan alwala, in na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi, amma sautin ya tafi.

Abin da na samu, ta hannun yarinyar na same shi. Kamar mako guda bayan na dawo daga tasha, da hantsi, ina tankaɗe a inda nake ranar farko. Takwara tana gindin darbejiya, ta samo tsohuwar igiyar da aka yar ta sa a kunne, bakin igiyar yana reto ba a jone da komai ba. Sai na ga ta ƙanƙance ido ta kumbura murya irin ta tsofaffi tana cewa, "Salamu alaikum, mutanen gida. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda nike lafiya. Nan ruwa kullum, ba a ganin rana." Ta yi ɗan tari, ta ci gaba. Ta gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu sun mutu tun kafin a haife ta. Ta ce kada a sayar da jan bijimi. Ta ce a gyara rumbun gabas kafin ruwa.

Na ajiye rariyar. Na ce, "Takwara, taho nan." Ta zo tana tsoron ko faɗa zan yi. Na ce, "Kin iya duka?"

Ta waiwaya ɗakin kakarta, sannan ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena.

"Na iya. Daga rumbu sai ya ce, 'Babbar ɗiyata kuwa, kada a fisshe ta lekol ko mi ya faru, kanta ya fi nawa. Ku ce mata ina alfahari da ita, ni ban iya ce mata.' Sannan sai ya faɗi sunanki, Mama. Sau biyu ya faɗa. Nan ne Kaka ke matsa mini gwiwa in maido baya."